Goggo ta zo roƙon ran samurai

Shekarar da nake tuƙa motar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Jidda na fara ƙirƙirar labarin wani samurai, wato mayaƙin Japan na zamanin da. A hutun azahar nake naɗar muryata in tura wa dangi ta waya, kashi-kashi. Mayaƙin ya rantse zai tsare wata gada har iyalan ubangidansa su tsallake. Aljanar kogin kuma tana sonsa, tana ta lallashinsa ya yar da takobi ya bi ta ƙarƙashin ruwa, inda mutuwa ba ta zuwa. Tun farko na yanke zai ƙi, kuma a kan gadar zai mutu.

Kuskurena shi ne na faɗa wa matata. Kafin Juma'a magana ta kai unguwar Sa'alaba, inda Goggo take.

Ran Asabar sai ga Goggo, yayar mahaifina, ta hawo benenmu na unguwar Ammariyya da sandarta, tana haki. Matar da ko bikin suna ba ta zuwa saboda gwiwa! Aka kawo shayi, ta ture kofin. Nan na gane, don a gidanmu idan babba ya ƙi shan abinka, roƙo ya kawo, kuma ba zai sha ba sai ka amsa.

"Ɗan nan, ran yaron nan na zo nema. Ka aura masa yarinyar kogin, halas, shi ke nan."

"Goggo, rantsuwa fa ya yi."

"Ya yi kaffara mana! Ba azumi uku ba ne?"

Na danne dariya. Ban taɓa ce mata a'a ba, ita ta goya ni. Na durƙusa na ce, "Ki gafarce ni. In ya bar gadar nan, yaran ubangidansa za a yanka. Ba zan iya mai da shi maci amana ba."

Ta tashi, shayin ya huce a wurin. Raina ya ɓaci sosai, amma ranar Litinin na naɗi kashi na ƙarshe yadda na tsara.

Kwana uku shiru. Rana ta huɗu ta sake hawo benen, idanunta jajir, da kwanon dabino a hannu. Ta zauna ta ɗaga hannu don addu'a, mu ma muka ɗaga.

"Ba shi da kowa a Jidda sai kai," in ji ta. "Ya haƙuri?"