Wanda Ya Shayar da Kiri-kiri

A shagon mai sayar da iri wani mutum yana tsaye, rigarsa ta sha guga, takalminsa kuwa bai taɓa sanin turɓaya ba. La'alla ma'aikaci ne da ya ajiye aiki, ya sayi shanu kafin ya koyi noma. Yana kaɗa damin ciyawa kamar mai gabatar da hujja gaban alƙali.

"Malam, wace irin alfalfa ka sayar mini da sunan ciyawar kiwon shanu? Sati shida ina ɗura mata ruwan rijiya cikin wannan fari, shanuna suna ramewa suna jira, ga abin da ta yi!"

Mai iri ya jujjuya damin cikin ladabi. "Alhaji, wannan ai kiri-kiri ce, ciyawar da ke fitowa ba gayyata. Ba ka ga wata ƴar siririya mai ganye uku-uku a ƙarƙashinta ba?"

"Waccan ƴar banzar?" in ji shi, yana gyara hula cikin alfahari. "Jiya na tuge ta da hannuna, ban bar ko ɗaya ba."

Mai iri ya yi salati a hankali. "Ai ita ce alfalfar, Alhaji. To, Allah Ya ba shanun haƙuri."