Tambayar da Ban Yi wa Inna Ba

Akwai wata safiya a wani asibiti a Ikara da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina tsakiyar karatun likita a Zariya, na zo hutu gida Paki. Tiyata kawai nake so, gani nake sauran likitoci aikinsu bai wuce rubuta magani ba. Mutanen garinmu sun riga sun fara ce mini “likita”, ni kuwa ina amsawa ba kunya.

Na tarar ƙafafun Inna, mahaifiyata, sun kumbura. In ta jawo guga ɗaya a rijiya sai ta zauna tana haki. Na ce wahalar gona ce, ta huta. Yayana ne ya nace sai da muka kai ta asibiti.

Likitar da muka samu dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna. Muna zama Inna ta nuna ni da alfahari ta ce, “Ita ma 'yar tawa likita ce.”

Likitar ta yi murmushi ta ce to in matso mu duba tare. Ta daɗe tana yi wa Inna tambayoyi kafin ta taɓa ta. Can ta ce, “Mama, in kin kwanta numfashi yana isar ki?”

“Kwanciya?” in ji Inna. “Ai rabona da ita tun farkon damina. Jingina nake da bango har asuba. In na miƙe sai in ji kamar an danne mini ƙirji.”

Likitar ta dube ni. “Ke a ina kike kwana?”

Da ƙyar na ce, “Ɗakinmu ɗaya.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sha farkawa in ga Inna zaune, in ɗauka lazimi take yi, in juya in ci gaba da barcina. Wannan alamar kuwa na karanta ta, har a jarrabawa na rubuta ta.

Inna ta yi sauri ta ce, “Ba laifinta ba ne, likita. Ni ce ban faɗa ba, kada in ɗaga mata hankali tana karatu.” Wannan kariyar ta fi zagi ciwo.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa mini abin sauraron ƙirji a kunne, ta ɗora shi a bayan Inna. Na ji ƙarar ruwa a huhunta, idona ya cika. Hawan jini ne da ya daɗe ya gajiyar da zuciyarta.

Da magani Inna ta koma barci a kwance, har ta ga ranar da na gama karatu. Ni kuwa da na koma makaranta sai na zaɓi fannin cututtukan cikin jiki, inda rabin aikin tambaya ce da sauraro.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu suna da haƙuri da ciwo, ba kowa ke faɗa ba. Wanda ya fi ƙaunarka ma shi ya fi ɓoye maka, sai ka zauna ka tambaye shi.