Karanshaf ɗin Kawu Ladan

Ɗazu na ji wani bakanike yana ƙwanƙwasa ƙarfe a Sama Road, sai na tuna tsohuwar motar Baba.

Zamanin soja ne, ina aji uku a sakandare. Mutane suna ta sayen sababbin motoci, mu kuwa motar da Baba yake haya da ita ta kwanta, karanshaf ɗin injinta ya karye. Kawu Ladan, yayan Inna, ya kawo wani daga Kano, ya ce lafiyayye ne.

Muka je gareji tare, bakanike ya rataye shi, ya buga masa guduma. Mai kyau yakan yi amo kamar ƙararrawa, mai tsaga ba ya yi.

Baba ya ce, "Kunnena ya yi nauyi. Ɗiyata, mi kinka ji?"

Na sunkuyar da kai. "Kamar an bugi turmi, Baba."

Kawu ya yi dariya. "Ja'ira! To, a mai da shi Kano."

A hanyar gida, Baba ya riga ni jin kiran salla daga nesa. A nan na gane surukinsa ne ba ya iya ƙaryatawa.

Ku ma an taɓa aron bakinku haka?