Malam Maniru Shagari da Waƙar da Aka Gurgunta

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Ranar Talata, uku ga watan Satumba, 1957, cikin watan Safar, ina bisa keken ɗinki a rumfata a Boɗinga, wani mai jaki ya tsaya ya ce mini Malam Maniru na Shagari ya cika da hantsi. Kafin in isa an riga an kai shi makwancinsa.

Malam, ni ne Ɗanjuma tela, abokinka tun muna kiwon awaki, surukinka kuma tun da ɗanka Lawali ya auri 'yata Safinatu. Juma'ar da ta biyo bayan rasuwarka Safinatu ta sauka lafiya. Namiji ne, jikanka na fari, jikana na fari. Na yi murna har na ji kunyar masu zuwa gaisuwar mutuwa, don ina amsa musu haƙorana a waje. Amma tun cibiyar yaron ba ta faɗi ba, yayanka Sama'ila ya rantse ba za a sa masa sunanka ba. Shi ya sa na ga wajibi ne in rubuta ko kai wane ne, da abin da aka yi maka.

Kai mawallafin waƙa ne da ajami. Ba ka taɓa yi wa mai sarauta waƙa don riga ba. Ka yi wa masu haƙar rijiya a Horo Birni, ka yi wa matan da ke cirar albasa a fadamar Danchadi, ka yi waƙar wa'azi wadda tsofaffi ke kuka in sun ji. Shekarar da gero ya ƙi, na zo gidanka na kasa faɗin abin da ya kawo ni. Ka tsare ni da hira har la'asar, da na koma gida na tarar dami huɗu sun riga ni isa. Ba ka taɓa tayar da zancen ba. Ranar da aka kai maka Safinatu, ka ce wa matarka Zulai, "Wagga ɗiyata ce, Lawali shi as suruki."

Wani Baturen ilimi ya ji ka a taron Mauludi a Sifawa. Shi ya nemo maka izini ka tafi Ingila, wani gida da ake tara mawallafa daga ƙasashe dabam-dabam, su zauna shekara guda, su ji waƙoƙin juna, a kuma buga musu littafi. Duk Shagari ta raka ka bakin mota. Sama'ila ne a gaba, riƙe da butarka.

Abu ɗaya mai daɗi ka kawo mana daga can, labarin wani tsoho Musulmi mutumin Indiya da ɗakinsa ke kusa da naka. Ba ya jin Hausa, ba ka jin yarensu. Amma da ka rera masa waƙarka sai ya riƙa buga yatsa bisa tebur, ya faɗi sunan karin waƙar da Larabci, daidai yadda malamanmu ke kiransa. Shi ma ya rera tasa, ka gane nata. Ka ce a ranar ka san duniya ba ta kai faɗin da ake ba ta ba. Shi ya ba ka safar ulu, kai ka ba shi ragowar goron da ka busar.

Sauran labarin sai da na yi ta jan ka kafin ka faɗa. In an yi baƙi a gidan, sai a ce ka naɗa rawani ka tsaya ka rera, suna cin abinci suna hira, wata ta zo ta shafa aikin wuyan rigarka. Ka haƙura, don kana jiran littafi. Wanda aka ba aikin juya waƙoƙinka daga ajami zuwa boko Bature ne da ya koyi Hausa a Kano. Ya ce maka Hausarka ta ƙauye ce, zai gyara. Kai da ka yi karatu a Sifawa! Duk inda ka ce "munka" ya mayar "muka". "Anka" ya koma "aka", "sunka" ya koma "suka". A magana wannan ba kome ba ne. A waƙa kuwa, wannan ɗan nauyin shi ne ƙafar da baiti ke takawa. Babbar waƙarka ta tafiyar teku, kowane baiti da "ai" yake ƙarewa: gida nai, suna nai, ƙauna tai. Ya bi su ɗaya ɗaya ya mayar gidansa, sunansa, ƙaunarsa. Ba ka karanta boko. Aka nuna maka takardun, ka sa musu albarka. Takardunka na ajami kuwa suka ce za su adana maka, har yau suna can.

Littafin ya iso bayan ka dawo. Idi, magatakardan kasuwa, shi ya hau turmi a kasuwar Shagari ya karanta wa jama'a, kana zaune a gaba cikin sabuwar rigar da na ɗinka maka. Baiti na farko ya yi tuntuɓe. Na biyu ya faɗi. Wani daga baya ya ce, "Kai Idi, rera ta mana!" Idi ya gwada, ta ƙi. Sai ya rufe littafin ya ce, "Jama'a, ba laihi na ba ne. Waƙag ga da ƙahwa guda tad dawo daga Ingila." Kasuwa ta kwashe da dariya. Ka miƙe ka ce ba haka ka faɗa ba, a bari ka rera da bakinka. Wani ya ce, "Jama'a, ai ga suna nai bisa takarda. Ko Nasara na ƙarya?"

Daga ranar sunanka ya koma Gurgu. Manya da gemunsu, in ka wuce, sai su bi bayanka suna ɗingishi. Da Mauludi ya zagayo ka tafi Sifawa da tabarmarka, aka bar ka zaune har aka shafa fatiha, ba wanda ya ce maka bismilla ka rera. Sama'ila ya ce ka sayar da harshen ubanku, ya raba tukunya da kai, ya ja darni tsakiyar gidan da aka haife ku. Ba ka sake yin waƙa ba. Sai ka zo rumfata ka zauna kana kallon ƙafata bisa keke. Kai ne ka tura ni ajin yaƙi da jahilci da furfurata. Ka ce, "Tahi ka koyi baƙin Nasara, Ɗanjuma, kada a yanka ka da wuƙad da ba ka gani." Na koya. Ga shi da Hausar aji nake yi maka ta'aziyya, ka yafe mini.

Ran suna muka taru da sassafe a ƙofar gidanku. Ni kakan wajen uwa ne, ba ni da ta cewa. Sama'ila ya ɗaure ragonsa a gindin itacen bedi, ya gaya wa liman a sa wa yaro Sama'ila. Liman ya waiwayi Lawali, don shi ne uba. Lawali bai taɓa ɗaga ido gaban baffansa ba. Ya sunkuya ya yi wa liman raɗa. Liman ya sake tambayarsa, ya sake faɗa. Sai maroƙi ya ɗaga murya: "An samu Maniru!"

Sama'ila ya tashi tun ba a gama addu'a ba, ya kwance ragonsa da hannunsa. Ya ce, "Allah shi sa shi taka da ƙahwa biyu." Ya ja ragon ya shige, rabin mutane suka bi shi, wasu da goron suna a aljihu. Akuyar Zulai muka yanka.

Yanzu Lawali da Safinatu da Zulai duk Abba suke kiran yaron, don kunya ba ta bar su su faɗi sunanka ba. Ni kaka ne, wannan kunyar ba ta hau kaina ba. Na ɗauke shi na fita da shi bakin darnin, na kira shi Maniru da ƙarfi yadda za a ji a wancan sashe. Ya buɗe ido ya yi mini fitsari a riga. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam. Ya yalwata kabarinka, Ya sa ciwon da ka haɗiye ya zama kaffara, Ya tashe ka cikin mutanen da ka yaba da gaskiya. Ina yi wa Zulai ta'aziyya, da Lawali da ƙannensa, da Safinatu, da wancan tsoho na Indiya in yana da rai. Ina yi wa Sama'ila ma, ko ya amsa ko bai amsa ba, don ƙaninsa ne ya rasu. Allah Ya raya Maniru ƙarami, Ya ba shi harshen kakansa. Amin.

Ɗanjuma Tela, Boɗinga