Rabin Tsimin Dulcie

Dulcie Harrigan ta yi shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta a garinmu, Murrabin, amma ba da wannan aka san ta ba. Duk wanda ya ji sunanta, giyar citta yake tunawa. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, kullum da hular mijinta Len a ka, ko da yake shi Len ɗin ya daɗe a ƙasa. Muryarta irin wadda ta saba kaiwa kujerar baya ce. Ɗanta ɗaya, Trevor, yana can Brisbane yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki.

A tagar kicin ɗinta akwai wata kwalba mai faɗin baki, an rufe ta da ƙyalle. A ciki tsimi ne: ruwa da garin citta da sukari da 'yan ƙwayoyin busasshen inabi, yana ta fitar da kumfa shi kaɗai. Mahaifiyarta ce ta tayar da shi tun Dulcie ba ta yi aure ba. Kowace safiya, kafin ta sa wa kanta ruwan shayi, sai ta ba shi cokalin citta da cokalin sukari. Idan mako ya zagayo ta tace shi da tsohuwar rigar filo, ta haɗa ruwan da sukari da lemun tsami a babbar jarka. Sauran matan gari nan take suke ɗurawa a kwalabe don yara su sha. Dulcie kuwa barinsa take ya daɗe a jarkar har ya yi ƙarfi, sannan ta ɗura, ta jera a ƙarƙashin gida, tsakanin dirkokin da ke ɗauke da shi. Tata ba ta yara ba ce. Masu yankan rake da suka raina ta sun sha kwana a kan ciyawar gidanta. Lokacin Kirsimeti kuma, da yake a nan da zafi yake zuwa, sai ka ji kwalba ta fashe kamar an harba bindiga, karenta ya shige ƙarƙashin gado.

Abin da ya rage a rigar filo bayan tacewa ninkuwa yake yi, don haka dole a raba shi biyu. Rabi ya koma kwalba, rabi a ba wani. Ba a sayarwa, ba a zubarwa. Haka uwarta ta yi, haka ita ma ta yi, har ya zama da wuya ka sami titi a Murrabin da rabin tsimin Dulcie bai taɓa shiga ba.

Cikin waɗanda ta bai wa har da Glenys, ƙanwar Len, wadda ke zaune a kan tudu. Wata shekara, a bikin baje kolin amfanin gona, giyar Glenys ta zo ta ɗaya, ta Dulcie ta biyu. Da alƙalai suka tambayi Glenys sirrin, sai ta ce hannunta ne kawai. Dulcie tana tsaye a bayanta. Tun ranar ba su sake magana ba, sai dai su gyaɗa wa juna kai a wurin jana'iza.

Sai ambaliyar bara ta zo. Har yanzu idan ruwa ya fara dukan kwano, hira takan tsaya a gidajen garinmu, kowa ya kasa kunne. Mun saba kogi ya shigo ƙarƙashin gidaje ya koma, shi ya sa aka gina su a kan dirkoki. Wannan karon ya hau matakala, ya shiga falo, ya wuce tagogi. A kan rufi wani maƙwabci ya ɗauko Dulcie da kwale-kwalen kamun kifinsa, tana maƙale da kare a hammata ɗaya, jakar magani a ɗayar. Kwalbar tsimin ta ɗora ta a kan firji kafin ta haura, tana ganin nan ne wuri mafi tsayi. Firjin kifewa ya yi.

Da ruwa ya janye ta dawo ta tarar da laka har a cikin aljihun tebur. Kowane gida ya fito da kayansa bakin titi: katifu, kujeru, hotuna da suka manne da juna, duk suna wari. Kwalbar a gindin lemo ta tsince ta, ba ta fashe ba, cike da taɓo.

Trevor ya zo da motarsa tun ranar da aka buɗe hanya. Ya yi aiki har hannuwansa suka tsage. Shi ya ɓamɓare jiƙaƙƙun allunan bango, ya kwashe laka da shebur, gidan ya koma ƙashi zalla, kana kicin kana hango banɗaki. Suna zaune a kan matakala suna cin burodi da kifin gwangwani ya kawo maganar.

"Mama, ɗakin ƙasa na gidana babu kowa. Ba hawa, ba sauka. Kerrin har ta sa labule."

"Ka ce wa matarka ta cire, kada rana ta cinye shi a banza."

"Ba wasa nake ba. Dubi nan. Nuna mini abu ɗaya da ruwa ya bar miki."

Ta duba. Kujerar Len tana bakin titi ƙafafu sama. Keken ɗinkinta ya yi tsatsa.

"Tsimina," ta ce.

"Ga shi can cike da laka."

"Na kwalbar ne ya mutu. Shekara nawa ina raba shi a garin nan? Yana wani kicin yanzu haka yana kumfa."

Trevor ya goge baki da bayan hannu. "To mu yi haka. Ki samo shi da rai, na Kaka na ainihi, ni kuma in ja bakina in sake miki wayoyin wuta. Idan babu, ranar Lahadi ki shiga mota."

"Je ka sayo wayoyinka."

Ta wanke kwalbar da ruwan zafi, ta sa a jaka, ta fara bin gidaje. Clarrie mai kai wasiƙu ya sosa ƙeya ya ce nasa ya mutu tun wani hutu da suka tafi bakin teku. Matar mai kantin magani ta nuna mata inda kicin ɗinta yake a da. Matar fasto ta ce ta daina tun ranar da kwalba ta fasa mata gilashin kabad ana tsakiyar addu'a. Wasu ma sun manta an taɓa ba su.

"Ki tayar da sabo mana," in ji Clarrie, da ta sake wucewa ta ƙofarsa. "Citta ce da sukari da inabi. Kwana kaɗan zai yi kumfa. Trevor zai kai shi asibiti a auna ne?"

"Ni zan sani," ta ce.

Ta tsaya a kan gada tana kallon kogin, wanda ya koma mazauninsa yana tafiya a hankali kamar bai aikata komai ba. Gida ɗaya ya rage, kuma ta san shi tun kafin ta fito. Ta gyara hular Len, ta kama hanyar tudu.

Glenys tana baranda tana ninke kayan sawa da aka tara wa waɗanda ruwa ya ci. Doguwa ce, siririya, da hanci irin na yayanta. Ba ta tashi ba.

"Dulcie. Na ji an sauko da ke daga rufi kamar kyanwa."

"An sauko da ni. Ke kuma na ji ko takalminki bai jiƙe ba."

Dulcie ta ciro kwalbar ta dire a kan tebur, tsakiyar tufafin. Glenys ta dube ta, ta mayar da ido kan rigar da ke hannunta.

"Kin makara. Nawa ya mutu tun bara."

"Haka ne?"

"Na yi jinyar ƙugu, babu mai ciyar da shi. Na zubar."

Dulcie ta tuna ɗakin ƙasa mai labule, da titin da ba ta san kowa ba. Ta miƙa hannu za ta ɗauki kwalbarta. Rana ta take, kwanon rufi yana ƙara saboda zafi. A daidai nan wani abu ya fashe a ƙarƙashin ƙafafunsu, katakon baranda ya girgiza, kaji suka watse a tsakar gida. Ƙamshin citta da lemun tsami ya taso ta tsakanin allunan.

Dulcie ta janye hannunta. Ta ja kujera ta zauna, ta shaƙa sosai.

"Gawar nan taki da ƙarfi take, Glenys."

Glenys ta ci gaba da ninke rigar har ta gama, ta ajiye.

"Trevor ya riga ki zuwa," ta ce. "A kujerar nan ya zauna. Ya ce, Anti, idan ta zo ki ce ya mutu."

"Ɗan da na haifa."

"Kuka ya yi, Dulcie. Ƙato da shi. A waya ya gan ki kan rufi, wani ya ɗauka ya yaɗa, shi yana can ba hanya. Ya yini yana kiran lambarki tana ƙarƙashin ruwa. Kuma yana da gaskiya. Ba ki da murhu, ba ki da bango, shekarunki sun wuce na hawa rufi. Kogin nan zai dawo."

Dulcie ba ta san ya gani ba. Bai faɗa mata ba, ita ma ba ta tambaya ba.

"Ya dawo," ta ce daga baya. "Ya san gidan. A nan na binne Len, a nan na kai rabin garin nan makaranta suna amai a kujeruna. Ba zan je in zauna a bayan labule ina jiran a kira ni cin abinci ba. Ɗauko tsimin."

"Ba naki ba ne yanzu. Shekarun nan duka ni nake ciyar da shi."

"Rabin da kike cirewa fa, wa kike ba?"

Glenys ta kau da kai. "Babu mai so. Kaji nake zuba wa."

"Tsimin uwata kike ba kaji." Dulcie ta juya ta dubi tsakar gida. "Shi ya sa zakaranki yake tafiya a karkace."

Bakin Glenys ya motsa, ta danne dariyar. Ta tashi ta shiga ciki, Dulcie ta bi ta ba tare da an ce ta shigo ba. Kwalbar tsimin Glenys tana taga, kumfa yana tashi daga gindinta. A jikin bango, kusa da agogo, shuɗin ƙyallen lambar yabon da Glenys ta ci a bikin nan yana rataye, ya koɗe.

"Sukarinki ya yi yawa," in ji Dulcie. "Shi ya sa suke fashewa."

"Da shi na kayar da ke."

"Da tsimina kika kayar da ni."

Glenys ta shimfiɗa ƙyalle a kan kwano ta tace, ta sa wuƙa ta raba abin da ya rage biyu. Ta riƙe rabin a cokali, ba ta zuba ba.

"Sharaɗi ɗaya. Ranar da ruwa ya taɓa ƙasan gada, ki hawo nan. Ba rufi ba, nan."

"Kwalbar zan kawo. Ni rakiya kawai zan yi mata."

"Ki kira shi duk abin da kike so."

Ta zuba. Sannan ta cika mata jarka da ruwan sama daga tankinta, don na famfon ƙasan gari har lokacin bai gyaru ba. Babu wadda ta yi godiya.

Trevor yana kan tsani lokacin da ta shigo. Ta ɗora kwalbar a kan katakon da ya rage na taga. Ya sauko ya ɗaga ƙyallen, ya sunsuna. A cikin wannan ƙamshin ya girma, bai buƙaci ya tambayi daga ina ba.

"Anti Glenys ta yi mini alkawari," ya ce.

"Ta cika. Kwalba ce ta tona ta."

Ya fita ya tsaya bakin titi, kusa da kujerar ubansa, ya daɗe. Da ya dawo idanunsa sun yi ja.

"Ba ni da kwale-kwale, Mama. Idan ya sake zuwa, ina can ina kallon waya."

"Ba za ka gan ni a rufi ba. Zan hau tudu wurin antinka mu ci gaba da faɗanmu." Ta kama hannunsa da ya tsage, ta juya shi ta duba, ta saki. "Ka sa wa wannan magani. Ka fara da wutar kicin."

Bai tafi ranar Lahadin ba. Ya ƙara mako yana jan wayoyi, yana magana kaɗan. Ranar da zai koma, Dulcie ta tace tsimin da sabuwar rigar filo daga kayan agaji, ta raba. Ta fito da rabin a ƙaramar kwalba, ta buɗe motarsa ta zaunar da ita a kujerar gaba, ta ja bel ta ɗaure.

"Ka ajiye ta a tagar ɗakin nan, tunda an riga an sa labule. Cokalin citta, cokalin sukari, kowace safiya. Idan ka kashe shi kada ka kira ni, ka kira Glenys."

"Kerrin ba ta son warinsa."

"Za ta saba. Ubanka ma ya saba."

Ta tsaya har motar ta sha kwana wajen gada. Sannan ta hau matakala ta shiga gidanta marar bango, iska tana ratsa shi daga gaba zuwa baya. Jarkar farko tana ƙasa kusa da murhun aro, tana 'yar ƙara a hankali. Ta sassauta murfin kaɗan, ta kira karen ya fito daga inda ya ɓuya.