Kitson da Yaya ta bari

Yayata kitso take yi a Tsarnawa, a gindin darbejiyar tsakar gidansu. Yara mata ba su son zaman kitso, amma wurinta suna rige-rigen zuwa, domin tana kitso tana gatana. Tsofaffi sun sha gaya mata cewa mai gatana da rana ɓata yake yi a kasuwa. Sai ta ce, "Kasuwar Konni? Na san ta kamar yunwar cikina."

Gatanar guda ce, tun ina ƙarama take yi mini ita. Labarin wata jaruma ce da ba ta da doki, takarkari take hawa, makaminta taɓarya mai bakin ƙarfe. Kitso bakwai gare ta, kowane da abin da aka ɗaure a ciki. Ranar da rundunar fara ta sauko wa gero, ta tsefe na fari, guguwa ta fito ta kwashe su. Ranar da dodo ya shanye rijiyoyi, ta tsefe na biyu, ƙudan zuma suka shige masa hanci har ya amayar da ruwan. Na bakwai ba a taɓa tsefe shi ba.

In an gama yaƙi, jarumar takan koma wurin ƙanwarta a sake kitse mata, don guguwar ta koma mazauninta. A nan Yaya take tsokanata. "Ƙanwar nan ba ta iya kitso ba," in ji ta, tana kallona ta gefen ido. "Tsagarta kamar hanyar shanu. Amma ikon Allah, guguwar takan zauna." Yara su yi ta dariya, ni kuwa in yi fushi, don gaskiya ce, ban iya ba.

Bara da kaka Yaya ta rasu. Kwana uku ta yi tana zazzaɓi. Mijinta direban motar siminti ne a Malbaza, ba ya zama gida, sai aka ba ni ɗiyarta mai shekara takwas na tafi da ita gidana a Alela.

A kan yarinyar akwai shukun da uwarta ta yi mata mako guda kafin ta kwanta. Aka yi sadakar arba'in yana nan. Wata biyu, wata uku. Gashin ya dunƙule, ƙwarƙwata ta shiga, ƙuraje suka fito mata a ƙeya suna ruwa. Malamar lakwal, wato makarantar boko, ta aiko cewa in ba a gyara kan ba, kada ta koma aji. Duk wanda ya kai hannu, sai yarinyar ta dafe kai ta shige bayan rumbu.

Na yi kuskure, ba zan ɓoye ba. Wata rana da hantsi na sa maƙwabciyata ta riƙe ta, na ɗauko almakashi. Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Inna ƙarama, hannun Innata ne fa." Na ajiye almakashin. Kwana biyu ba ta ci tuwona ba.

A rana ta uku ina ɓarar wake a inuwa, tana zaune nesa da ni, ta juya mini baya. Sai na ji bakina ya kama gatanar Yaya, da rana tsaka. Na kai wurin dodo na ce kunamai suka fito.

"Zuma ce," ta ce, ba ta juyo ba.

"Kunamai dai."

"Zuma! Kunama a na huɗu take. Ke ba ki iya ba."

"To, mi ke cikin na bakwai?"

Can ta ce, "Ba ta gaya mini ba."

"Ni ma ba ta gaya mini ba."

Na ci gaba da ɓarar wake. Da ta matso, na tambaye ta wa ke tsefe wa jarumar kai. Ta ce ita da kanta, ba mai taɓa mata. Na ce, in an gama yaƙi fa? Ta daɗe tana kallon hannuwana.

"Ƙanwarta," ta ce. "Wadda ba ta iya ba."

Yarinyar ita ta tsefe kitson uwarta da kanta, ɗaya bayan ɗaya, daga azahar har la'asar. Ni man shanu kawai nake miƙa mata. Gashin da ya zube ta tara shi a ƙyalle ta ɗaure, ban hana ta ba. Na wanke kan da ruwan ɗumi, na shafa maganin da aka ba mu a likita. Bayan kwana goma ƙurajen suka bushe, ta zo ta zauna tsakanin ƙafafuna ba tare da na kira ta ba.

Shekara da shekaru ina jin haushin wannan tsokana ta Yaya. Yanzu in na tuna, Alhamdu lillahi nake cewa, in roƙa mata rahama.

Da na gama yi mata kitso, yarinyar ta bi tsagar da yatsa tun daga goshi har ƙeya.

"Ta karkace," ta ce.

"Na sani."

Ta ɗaura kallabinta. Da safe ta ɗauki jakarta ta tafi lakwal.