Ranar da Sista Martha ta hana Ndakotsu maganin tari

Martha Zamani 'yar Kafanchan ce, aure ya kawo ta Minna. Ta daɗe tana aikin jinya a ɗakin masu ciwon ƙirji, da ta yi ritaya sai ta buɗe ɗan kemis a Fadikpe. Kowa Sista yake kiranta. Ba ta da fara'a sosai, kuma ba ta miƙa magani sai ta tsare mutum da tambayoyi. Wasu kan ji haushi su tafi wani shago.

Wata Asabar da la'asar maƙwabcinta Ndakotsu ya shigo yana tari. Banufe ne daga Bida, yana saro busasshen kifi a Zungeru. Yana dariya ya ba ta labarin yadda kwalekwale ya kife da su a kogi da safe, ya sha ruwa ya shaƙe, masunta suka tsamo shi.

"Sista, ba ni maganin tari kawai. Na ma yi sallah, na ci abinci."

Martha ba ta taya shi dariya ba. Ta lura yana yanke magana ya ja numfashi. Ta ɗora abin sauraro a bayansa, ta ji ƙara kamar gishiri a wuta. Ta maƙala masa 'yar na'urar auna iska a yatsa, ta duba, ta cire.

"Malam Ndakotsu, asibiti za mu."

"Haba Sista, ai na amayar da ruwan."

"Na cikinka ka amayar. Saurara. A huhu akwai 'yan jakunkuna na iska, jijiyoyin jini sun kewaye su. Abin da ya raba su fata ce da ta fi ɓawon albasa sirantaka. Iska na ratsa ta ba wahala. Gishiri da ruwa ma suna ɗan tsiyayowa daga jini, amma huhu mai lafiya yana mayar da gishirin, ruwan ya bi shi, sai wurin iska ya zauna wayam. Kai ruwan kogi ya ji wa fatar nan ciwo. Yanzu ruwan jikinka ne ke malalowa ciki, ya fi ƙarfin kwashewa."

Ya ce a bari sai gobe, kifinsa na nan a buhu bai kai kasuwa ba. Martha ta kulle shagonta, ta leƙa gidansu ta kira matarsa Kafayatu, ta tsayar da keke napep. Da ya ga matan biyu sun tsaya a kansa, sai ya shiga yana gunaguni.

Kafin su isa, gunagunin ya ƙare. Leɓunansa sun yi duhu, kumfa na fitowa in ya yi tari. Martha ta riƙe shi a zaune, ba ta bari ya kwanta ba. A asibiti aka sa masa iskar oksijin nan take. Kafayatu na kuka, Martha kuwa tana tsaye tana yi wa likita bayani a natse.

Ya yi kwanaki a gado kafin a sallame shi, ya rame amma numfashinsa ya dawo.

Bayan ya warware, ya roƙi Martha ta raka shi Zungeru ta yi wa masunta magana. Gwiwoyinta na ciwo, hanyar kuma ba daɗi, amma ta je. A bakin ruwa ta zauna kan wani tsohon kwalekwale, suka kewaye ta. Ta gaya musu duk wanda aka tsamo, in yana tari ko numfashinsa na sauri, a kai shi asibiti ko da yana tafiya da ƙafarsa. Wani dattijo ya ce ta maimaita a hankali, zai fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa sosai. Ta maimaita.